Daga Ina Sunan Kazaure Ya Samo Asali?

Kullum muna rubuta "Kazaure" a bangon littattafanmu, amma mu nawa ne suka san ma'anar sunan? Ni kaina sai da na shiga jami'a wani abokin karatuna ya tambaye ni, na yi tsuru-tsuru. Da aka yi hutu, wajen kakana na fara nufa.

Dattawa suna cewa wani maharbi Bahaushe mai suna Kutumbi ne ya fara sauka a wurin. Da ya ga kwari duwatsu sun kewaye shi, sai ya ce wajen nan kamar zaure yake. Yau da gobe, "kamar zaure" ya koma Kazaure. Labarin baka ne, amma duk wanda ya kalli duwatsun da ke gefen garin zai gane abin da ake nufi.

Masarautar kuwa Fulani ne suka kafa ta bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗantunku, na zuriyar Yarimawa, ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819, aka daɗe ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya amince ƙasar ta tsaya da ƙafarta. Kun ga ke nan sunan na Hausawa ne, sarautar ta Fulani, garin kuma na kowa.

A yau Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna cikin masarautar Kazaure, ita kuwa maƙwabciyarmu Babura tana ƙarƙashin Ringim. Dukkansu sun koma Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka cire ta daga Kano. Ita ma Jigawa sunan ƙasa mai rairayi ta ci.

Ba mu kaɗai ba ne. A arewacin ƙasar Sabiya akwai yankin Vojvodina, wanda sunansa ya fito daga sarautar shugaban mayaƙan Sabiyawa, alhali harsuna 6 ake aikin hukuma da su a can. Suna yakan fito daga bakin al'umma ɗaya, amma gari na duk mazaunansa ne.

Ƙannena, masu riƙe da waɗannan labarai tsufa suke yi. A hutun nan, ku ɗauki biro da takarda, ku tambayi kaka ko mai unguwa yadda aka yi ƙauyenku ya samu sunansa, ku rubuta tun suna da rai.