Gubar dalma a jikin dabbobi

Gubar dalma cuta ce da ke kama dabba idan dalma ta taru a jikinta ta hanyar abinci, ruwa ko ƙura. Likitocin dabbobi masu nazarin guba suna ba ta muhimmanci, domin mutuwar dabbobi kan zama gargaɗi ga mutanen da ke zaune tare da su.

Alamomi

Shanu, musamman maruƙa, sukan kamu da ita idan suka lashi tsohon batirin mota ko fenti. Alamominta sun haɗa da makanta, dalalar miyau, cizon haƙora da farfaɗiya.

Annobar Zamfara

A farkon shekarar 2010 agwagi suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyukan Jihar Zamfara, amma ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. A watan Maris ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Binciken hukumar CDC ta Amurka ya nuna cewa duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma mai yawa. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Gwaji da magani

Ana auna dalma a jinin dabba, ko a hanta da ƙodar wadda ta mutu. Ƙasa kuma ana gwada ta da na'urar XRF. Shanu ana yi musu allurar calcium EDTA, wadda ke kama dalma ta fitar da ita cikin fitsari. Yaran Zamfara an ba su DMSA ne. Maganin ba ya wadatarwa sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar.