Tauraron Teku Mai Kwanci Kamar Kaza

Uwargida a unguwar Ɗan Iya da ke cikin garin Bauchi, idan ta saba gyaran ɗanyen karfasa irin wanda ake kamowa a dam ɗin Gubi, wata rana za ta iya buɗe bakin kifin ta tarar da ƙwayaye rawaya cunkushe a ciki. Ba cin su take yi ba, reno ne. Macen karfasa takan guntse ƙwanta, da 'ya'yan bayan sun ƙyanƙyashe, sama da mako guda, kusan ba ta cin komai.

Can a gaɓar tekun Birtaniya ma akwai wata 'yar halitta mai irin wannan ɗawainiya, sai dai ita kwanci take yi kamar kaza. Tauraron teku ne da masana ke kira Asterina phylactica. Ba kifi ba ne: ba shi da kai, bakinsa a ƙasan jikinsa yake, kuma da ƙananan ƙafafu masu aiki da ƙarfin ruwa yake rarrafe a kan dutse. Faɗinsa bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba, kamar dai maɓallin riga.

Shekara da shekaru ana ɗaukarsa ɗan wani tauraron ne mai suna Asterina gibbosa, sai a 1979 Roland Emson da Robin Crump suka tabbatar jinsi ne daban, bayan nazarin da suka yi a kududdufan duwatsun West Angle Bay a yankin Wales. Mai son bambance su ya dubi baya. Ƙaramin kore ne, da wani zane mai ruwan ƙasa a tsakiya, shi ma siffar tauraro. Babban kuwa yakan kai santimita 5, ba shi da wannan tambari.

Babban bambancin yana wurin haihuwa. Babban yakan manna ɗaruruwan ƙwai a ƙarƙashin dutse ya kama gabansa. Ƙaramin, wanda kowane ɗayansa ke ɗauke da halittar namiji da ta mace, kan taru da 'yan'uwansa a farkon lokacin zafin ƙasar, ya zuba ƙwai kaɗan, ya kife a kansu wajen mako uku, har 'ya'yan su fito da hannayensu biyar. Daga nan ya samo suna, domin phylactica daga kalmar Girkanci ce mai nufin gadi.

Wannan reno yana da nasa hatsari. Tunda 'ya'yan ba sa bin ruwa su yi nisa, dangi kan cunkushe wuri guda. A Fabrairun 1996 jirgin dakon mai Sea Empress ya yi karo da duwatsu a mashigar Milford Haven, ɗanyen mai kusan tan 72,000 ya malala, ya kuma shiga kududdufan West Angle. 'Yan kaɗan ne suka tsira a wurin, daga su kuma zuriyar ta sake yaɗuwa cikin shekarun da suka biyo baya.