Gashin Da Ba Ya Shan Ruwa: Yawan Mai Ba Shi Ne Magani Ba

Da zarar hunturu ya kama, daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, akwai wani kuka da ke yawaita a bakin mata masu sauraren shirye-shiryenmu na rediyo, kuma shi ne ake ji a gidajen kitso na Maraɗi da Damagaram da Tawa. Mace za ta ce kullum tana shafa mai, kwalba ta ƙare ta sayi wata, amma gashin nan yana nan a bushe, in aka zo tsifa sai ya riƙa kakkaryewa yana cika mataji. Wata ta ɗora laifin a kan makitsiya, wata ta ce gado ne, wata kuma ta gaji ta kai kanta ko ɗiyarta ga maganin miƙar da gashi. Alhali sau da yawa lalurar ɗaya ce: gashin irin wanda ba ya shan ruwa da sauƙi ne, kuma ana ba shi mai a lokacin da ruwa yake nema.

Yadda silin gashi yake

Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, ƙananan ɓawo ne jere bisa juna kamar na kifi, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ta tsakaninsu ruwa ke shiga cikin silin, ta nan kuma yake fita. A kan wasu mutane ɓawon a kwance yake lif, ya manne sosai, shi ya sa ruwa ke daɗewa bai shiga ba. A kan wasu kuma ya ɗaga ko ya farfashe, musamman in gashin ya sha rini ko wuta ko maganin miƙarwa.

Manomanmu sun san irin wannan bambanci a gona. Jigawa tana shanye ruwa nan take, amma rana na fitowa ta bushe. Faƙo kuwa ruwan sama kan gudu ya bar shi, sai an yi masa dabara kafin ya sha. Gashin da muke magana a kai faƙo ne. Sai dai mu lura, wannan ba cuta ba ce. Ɓawon da ya kwanta alamar lafiyayyen gashi ce, kuma in ruwa ya samu ya shiga, yakan daɗe bai fita ba.

Yaya mace za ta gane gashinta?

A Facebook da TikTok ana yaɗa wani gwaji, wai a jefa silin gashi cikin kofin ruwa, in ya yi iyo to ba ya shan ruwa. Wannan gwaji ba abin dogaro ba ne, domin duk gashin da ke da maiƙo a jikinsa zai yi iyo. Abin da ya fi shi ne lura. In an zuba ruwa a kai, shin yana tsayawa ɗigo-ɗigo yana gangarewa kafin gashin ya jiƙe? In ya jiƙe, yana ɗaukar sa'o'i kafin ya bushe? In an shafa mai, yana zama a sama yana ɓata kallabi da matashin kai? Wadda ta amsa da e ga waɗannan tambayoyi uku, to da ita muke.

Mai ba ya jiƙa gashi

Nan ne akasarinmu ke kuskure. Mai ba ruwa ba ne, aikinsa shi ne ya rufe danshin da ya riga ya shiga. In aka lafta basilin ko man kaɗe a kan busasshen gashi, an rufe ƙofa ke nan ɗaki babu kowa. Washegari ƙurar hunturu ta manne a kan man, a ƙara wani a kai, kafin mako biyu gashin ya yi dauɗar da ko ruwan wanka ba ya ratsa ta. Ga shi kuma a wannan lokaci danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Bugu da ƙari, ƙwayar da ke haddasa amosanin ka da maiƙo take rayuwa, don haka cika fatar kai da mai yana iya ƙara ƙaiƙayi maimakon ya rage shi.

Su kansu mayukan ba ɗaya suke ba. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2003, wanda masana biyu ƴan Indiya, Rele da Mohile, suka yi, ya nuna man kwakwa yana ratsa cikin silin gashi har ya rage masa lalacewa, amma man da ake tacewa daga fetur, dangin basilin, bai yi hakan ba. Ga gashin da ba ya shan ruwa, mai marar nauyi ya fi, irin su man aduwa da man zogale da man riɗi, waɗanda duk ana samunsu a ƙasarmu. Man kaɗe, wanda matan yankin Gaya a jihar Dosso suka shahara da yi, yana da kyau, amma ɗan kaɗan ake narkarwa a tafin hannu a shafa a bakin gashi.

Haka zancen yake ga garin shebe da ke shigo mana daga Cadi. Matan can suna kwaɓa shi da mai su shafa a tsawon gashi, ba a fatar kai ba, kuma amfaninsa shi ne hana karyewa. Ba ya ƙara saurin tsiro, domin gashin ɗan Adam kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a wata. Wadda gashinta ba ya shan ruwa, in za ta yi shebe, to ta tabbata ta wanke na jiya tas kafin ta sa na yau.

Abin da ya kamata a yi

Da farko wanki. A wanke kai duk mako ɗaya ko biyu da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, domin ɗumi yana taimaka wa ruwa ya ratsa gashi. A guji kanwa da toka da sabulun wanki. Gashi yana son ɗan tsami-tsami, a ma'aunin da masana ke kira pH yana wajen 4.5 zuwa 5.5, su kuwa waɗannan sun yi sama da haka nesa. Gaskiya ne suna buɗe ɓawon gashi, amma da ƙarfi suke buɗe shi har ya lalace. Maganin miƙar da gashi mai soda ya fi su duka, domin yakan haura 12.

A garuruwan da ruwan rijiya ke da zartsi, sabulu ba ya kumfa sosai kuma yana barin wani fari-fari a gashi. A nan ana iya matsa rabin lemun tsami cikin lita ɗaya ta ruwa a ɗauraye kai da shi, sannan a bi da ruwa zalla.

Na biyu, kada mu raina yoɗo, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira karkashi. Tun kaka da kakanni da shi ake wanke kai. A jiƙa busasshen ganyensa a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace, a shafe gashi da shi. Yauƙin nan yana sa santsi, tsifa ta zo da sauƙi ba tare da an tsinke gashi ba.

Na uku, turiri. Bayan an shafa yoɗon ko man laushi na kanti, a rufe kai da hular leda, a naɗa tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi aka matse, a bari minti 20 zuwa 30, sannan a ɗauraye. Wannan shi ne dabarar da ke sa faƙon ya sha ruwa.

Na huɗu, a shafa mai tun gashin yana da ɗan danshi, a raba shi kashi huɗu ko shida, a taje daga baki zuwa gindi da mataji mai manyan haƙora. Sai dai tunda irin wannan gashi yana jinkirin bushewa, a bar shi ya sha iska kafin a yi kitso ko a ɗaura kallabi, don gudun wari da ƙaiƙayi. Tsakanin wanki da wanki, a ɗan yayyafa ruwan ɗumi a kan kitson kafin a taɓa mai.

Kira ga iyaye da makitsa

Yawancin ƴan matan da ake kai wa ga maganin miƙarwa tun suna ƙanana, ana kai su ne don an ce gashinsu ya cika tauri, suna kuka wajen tsifa. Kafin a kai ga haka, a jarraba ruwan ɗumi da yoɗo na wata ɗaya ko biyu. Ku kuma makitsa, ku sassauta hannu, domin kitson da ya ɗame ƙwarai yana cinye gashin goshi, in abin ya daɗe ba ya sake tsirowa. In kuma aka ga gashi na zubewa wuri-wuri, ko makero, ko ƙuraje masu ruwa a kan yaro, wannan ya wuce maganar mai, sai a garzaya asibiti.

Jama'a, gyaran irin wannan gashi ba ya bukatar jikkunan sefa. Ruwan ɗumi, ɗan yoɗo, ɗan mai, sai haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.