Sikila: lissafin "ɗaya cikin huɗu" da ake yi wa gurguwar fahimta

Tun watan Mayun 2024 da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, maganar jinotayif ta shiga bakin jama'a har nan ƙasar Kafur. A majalisun Gozaki, musamman bayan kaka, lokacin da kuɗin masara da waken suya suka shigo ake ta ɗaura aure, za ka ji ana lissafi: wai in mai AS ya auri mai AS, ɗa ɗaya ne cikin huɗu zai zo da sikila, don haka in ta faɗa kan ɗan fari, ukun da ke biye sun tsira. Wannan lissafi ya kwanar da iyaye da yawa a asibitocin Malumfashi da Funtuwa.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, kimanin tiriliyan 30. Kowace tana da siririyar fata mai tace abin da zai shiga da wanda zai fita, kuma galibin nau'o'insu suna da cibiya inda aka adana umarnin gado a cikin kromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Jar ƙwayar jini ce ta fita zakka. A ɓargo ake ƙera ta, in ta nuna sai ta yar da cibiyarta, ta cika cikinta da himogulobin, sinadarin da ke dakon iskar da muke shaƙa. Laushi gare ta, tana lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta, ta yi kwana 120 tana aiki.

A jikin mai SS, wato mai sikila, sinadari ɗaya tak ne ya sauya a jerin 146 na wani sashen himogulobin. Amma da iska ta yi ƙaranci sai ƙwayar ta sandare, ta ɗauki siffar lauje, ta toshe hanya. Daga nan ciwon ƙashi yake, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai. Ba ta kuma wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jini ba ya isar yaron, idonsa ya riƙa yin ɗorawa.

To, ina kuskuren lissafin? Ƙwan mace da ƙwayar maniyyi kowanne kromosom 23 yake ɗauka. Mai AS, rabin waɗannan ƙwayoyin nasa na ɗauke da A, rabi S. Ɗauka uba na da ƙwarya cike da irin masara, rabi fara (A) rabi ja (S), uwa ma haka. Kowane rami sai an rufe ido an ɗauko ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Rami na biyu bai san abin da ya faɗa na farko ba. Ana iya samun ja biyu sau uku a jere, ana iya shuka rami shida ba a samu ba. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce.

Nan kuma dangin miji ya kamata su ji kunya. Babu yaron da zai zama SS sai uba ya ba da nasa S ɗin, amma uwa ake yi wa gori, wani lokaci har da saki. Babu kuma jiƙo ko maganin ƙarin jini da zai mayar da AS ya koma AA, tunda umarnin yana cikin cibiyar ƙwayoyin ɓargo. Rukunin jini na O ko B wani abu ne daban, kada a riƙe takardarsa a ce an yi gwaji.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da S, domin mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila a ƙasar nan duk shekara. Da irin wannan adadi, sa hannu a doka ne mai sauƙin. Kawo ingantaccen gwaji kusa da ɗan ƙauye, da sa ido kan ɗakunan gwajin da ke ba da sakamakon bogi, shi ne aikin da ke jiran hukuma.

Iyaye kuwa, a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, a kuma maimaita shi a wuri na biyu. In aka bari sai an haɗa lefe an sa rana, ba mai iya cewa a fasa.