Bitamin D da Ɗaliban Jami'a a Jalingo

Bitamin D sinadari ne da jiki ke buƙata kafin ya iya tsotsar kalsiyam daga abinci ya gina ƙashi. Mafi yawansa fata ce ke samar da shi idan hasken rana ya sauka a kanta kai tsaye. Daga fata yake bin jini zuwa hanta, sannan ƙoda ta ƙarasa sarrafa shi ya fara aiki.

Rana ba ta yi wa Jalingo rowa, shi ya sa ake ɗauka ƙarancin wannan sinadari matsalar mutanen Turai ce. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2020 ya rushe wannan zato, domin ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku a Afirka na da ƙarancinsa, kuma mazauna birane da mata sun fi shiga ciki.

Rayuwar ɗalibi a Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, ta isa misali. Yakan fito da sassafe ya shiga Keke Napep, ya wuni tsakanin ɗakin lacca da laburare, da rana ta take kuwa kowa inuwa yake nema. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya haifar da bitamin D. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana fiye da fara, hazon hunturu ma yana rage hasken. Ɗalibar da ke suturce jikinta ba sai ta sauya shiga ba, ɗan zama a rana a tsakar gida ko farfajiyar hostel ɗin mata, hannuwa da ƙafafu a buɗe, yana taimakawa.

Abin damuwa shi ne shekarun jami'a su ne na ƙarshe da ƙashi ke tara ƙarfinsa, domin wajen shekara 30 tarin ke tsayawa. Ƙarancin kuma ba ya zuwa da hayaniya: kasala, ciwon ƙashi da raunin tsoka, waɗanda akan ɗora wa maleriya ko wahalar karatu. Gwajin jini ne kawai ke tabbatar da shi, kuma likitoci da dama na ɗaukar ƙasa da nanogiram 20 a mililita ɗaya a matsayin ƙaranci.

Baligi na buƙatar mikrogiram 15 a kullum. Garin kwaki da taliyar indomi ba za su ba shi ba, amma kifin titus, sadin, gwaiduwar ƙwai da hanta suna ɗauke da shi. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna yara masu lanƙwasar ƙafa sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D kaɗai, don haka nono da kindirmo su ma suna da muhimmanci. Ƙwayar bitamin D kuwa sai da shawarar likita, saboda yawanta yana tara kalsiyam a jini har ya cutar da ƙoda.