Sabon ciki bayan ɓari: Makonnin da mace ke kwana da fargaba

Ga macen da ta taɓa yin ɓari, ranar da gwaji ya nuna ta sake samun juna biyu, murna da tsoro ne ke zuwar mata tare. Daga nan take fara duba zaninta ko za ta ga ɗigon jini. Laulayi ya lafa kwana biyu, sai gabanta ya faɗi. Sau da yawa ita kaɗai ke dakon wannan damuwa, domin a ƙasar Hausa ba a cika bayyana ƙaramin ciki ba, wata don kunya, wata don gudun bakin mutane.

Ɓari ya fi yadda ake zato yawa. Wani bincike da mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa ciki miliyan 23 ne ke zubewa duk shekara a duniya, wato kusan 15 cikin 100 na cikin da aka san da shigarsa. Akasari yana faruwa ne a makonni 12 na farko, kuma kusan rabi matsala ce ta ƙwayoyin halittar ɗan tayin tun daga haɗuwarsa. Daka ko ɗibar ruwa ko kwanciyar aure, waɗanda ake yawan ɗora wa laifi, ba su ne ke jawo shi ba. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya suna haihuwa lafiya a ciki na gaba. Kusan mace 1 cikin 100 ce ke yin ɓari sau uku a jere.

Inda hankali ya fi tashi shi ne wurin hoton ciki. Mace ta garzaya tun mako na biyar don ta samu natsuwa, sai a ce mata an ga jakar ciki amma ba a ga ɗa ba. Ta koma gida tana kuka, alhali bugun zuciyar ɗan tayi ba ya bayyana sai wajen mako na shida, wani lokaci na bakwai, musamman idan ta kan mara aka ɗauki hoton. Ga kuma lissafi: daga ranar farko ta al'adar ƙarshe ake ƙirga makonni, to wadda al'adarta ke saɓawa, ko ta samu cikin tana goyo, cikin nata zai iya kasancewa ƙarami fiye da yadda ta ɗauka. Shi ya sa likitoci kan sa a sake hoton bayan kwana 7 zuwa 14 kafin su yanke hukunci. Jiran nan yana da ɗaci, amma yanke hukunci da hoto ɗaya ya fi shi haɗari.

Idan kuwa hoto na biyu ya tabbatar cikin ya daina girma, a nan ne wasu ke cewa “ya kwanta”, a shiga neman maganin tayar da shi. A likitance ɗan tayin da zuciyarsa ta tsaya ba ya farfaɗowa, kuma barinsa ba kulawar asibiti na iya jawo zubar jini ko ƙwayoyin cuta a mahaifa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar a fara awo cikin makonni 12 na farko, a sha folik asid, a kuma riƙa kwana cikin gidan sauro, tunda zazzaɓin cizon sauro na iya zubar da ciki. Yana da kyau mace ta sanar da ma'aikatan lafiya ɓarin da ta yi a baya, domin wadda ta ga jini a sabon cikin akan iya rubuta mata maganin progesterone.

Ɗigon jini kaɗan ba lallai ɓari ba ne, amma a je a duba. Jini mai yawa, ciwon mara mai tsanani a gefe guda, jiri ko suma kuwa ba sa jiran ranar awo, don suna iya zama alamar cikin da ya zauna a wajen mahaifa.