Tufafin jikoki a ranar ziyarar haikali: al'ada da siyasa a Kerala

A jihar Kerala da ke kudancin Indiya, idan iyalin Hindu za su ziyarci haikali, sau da yawa kaka ce ke shirya jikoki bayan wankan asuba. Yarinya takan sa "pattu pavada", wato dogon siket na siliki da 'yar riga, a kuma ɗaura mata fararen furanni a gashi. Yaro kuwa a ɗaura masa "mundu", farin zane mai bakin zare ruwan zinariya.

A manyan haikalai, wannan shiga ƙa'ida ce. A Padmanabhaswamy da ke birnin Thiruvananthapuram, namiji ba ya shiga da riga ko wando, sai mundu, ƙirji a buɗe. Mace kuma sai sari ko dogon siket.

Tufafi a wannan yanki sun daɗe suna nuna matsayin mutum. A masarautar Travancore, a ƙarni na 19, an hana matan al'ummar Nadar, waɗanda ake ɗauka 'yan ƙasƙantaccen rukuni, rufe ƙirjinsu kamar matan manyan gidaje. Sun shafe shekaru suna fafutuka kafin sarki ya sassauta dokar a 1859. Shiga haikali ma haramun ne ga irin waɗannan rukunai, har sai da Sarki Chithira Thirunal ya buɗe musu ƙofofin haikalan masarautar a ranar 12 ga Nuwamba, 1936.

Muhawarar ba ta mutu ba. A ƙarshen Disamban 2024, Swami Satchidananda, shugaban cibiyar addini ta Sivagiri, ya nemi a daina tilasta wa maza tuɓe riga. A cewarsa, an ƙirƙiro al'adar ne domin a ga wanda ke rataye da zaren tsarki na manyan rukunai. Babban Ministan jihar na lokacin, Pinarayi Vijayan, ya mara masa baya. Shugabancin ƙungiyar Nair Service Society kuwa ya ce gwamnati ba ta da hurumin taɓa al'adun ibada.

Ga kaka, ɗaura wa jika mundu hanya ce ta miƙa masa gadon gida. Amma a cikin yaran da ke shiga haikali yau, akwai waɗanda kakannin kakanninsu ba su da izinin taka ko bakin ƙofarsa.